Shekarar da Aka Ga Hannuna a Tele

Zainabu da Sani, wannan babin naku ne ku biyu. Na san labarin da kuka taso kuna ji a kan shekarar da mahaifinku ya rasu. An ce wai ban daɗe da fita takaba ba na sa jan farce na shiga rawa a gaban duniya, shi ya sa aka raba ni da 'yata. Jan farcen gaskiya ne, na sa shi. Sauran kuwa bari in faɗa muku yadda ya kasance, tun da waɗanda suka ba da labarin yawancinsu sun riga ni tafiya, ni ma kuma idona ya fara gajiya da takarda.

A tsohon Zongo na tsakiyar Lome aka haife ni. Kakana ne ya zo daga ƙasar Sakkwato da fataucin goro, ya zauna, bai koma ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya Faransanci, harshen Mina kuwa a bakin titi na tsince shi. Lokacin da aka tashe mu daga cikin gari aka kai mu can gaba da Agoè, 'yan'uwana suka ce sun gaji, suka tattara suka koma Nijeriya. Mahaifiyata ta riga ta rasu, kabarinta na nan Lome. Ni na tsaya saboda babanku Idrisu, wanda ke tuƙa kamyo, babbar motar kaya, daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai. A sabon Zongo an cakuɗa gidaje, maƙwabtan da na sani tun ina goye duk sun watse, waɗanda na samu kuma mutanen kirki ne amma ba su san uwata ba, ba su san wace ce ni ba sai matar direba. Muddin babanku na dawowa da buhun albasa da surutunsa, ban damu ba. Sai ranar da aka zo aka ce birki ya ƙi a gangaren duwatsun arewa. Can aka binne shi, a wani ƙauye da har yau ban taɓa takawa ba.

Kwanakin farko gidan ya cika da mata. Bayan addu'ar bakwai suka fara raguwa, bayan ta arba'in sai ni da ku da ƙarar injin niƙa na bayan gida. Ke Zainabu kina shekara tara, kai Sani kana huɗu, kuma tun kana jariri ciwon amosanin jini ke kayar da kai, musamman in damina ta kama. Tun da ba na fita, sai na karɓi wankau, ana kawo min kaya har tsakar gida. Sabulun soda ne, mai cin fata. Kafin in gama takaba faratana sun tsattsage, wasu sun rabu biyu, wasu sun yi baƙi. Ranar fitata na kwaɓa lalle tun da safe na ajiye, domin al'ada ce 'yan'uwan mace su zo su yi mata kwalliya. Na zauna a bakin ƙofa har rana ta karkata. Babu wanda ya ƙi ni, kowa dai ya ɗauka wani ne zai zo. Ke ce a ƙarshe kika ɗauki ƙwaryar kika ce za ki sa min. Kina taɓa yatsana na farko lallen ya shiga tsagar, na ji zafi har ƙwaƙwalwa, na janye hannu. Muka zubar da shi a gindin gwanda.

Bayan 'yan kwanaki Da Akossiwa, wato Yaya Akossiwa a bakinsu, ta zo min gaisuwa. 'Yar Mina ce, benci ɗaya muka zauna a lakwal, kuma a lokacin tana da rumfar kayan kwalliya a kasuwar Hédzranawoé. Mace ce mai jiki da murya, ba ta iya magana a hankali. Ta kama hannuwana ta juya su sama da ƙasa kamar mai duba kifi.

"Balaraba, wa ya yi miki wannan?"

"Wanki," na ce.

"To wankin ya isa. Matan Nijar da na Burkina suna zuwa sari wurina, ni kuwa Hausata ba ta wuce 'ya yi tsada' ba. Ki zo ki tsaya min a rumfa. Sai dai abu ɗaya. Mai sayar da kayan hannu, hannunta shi ne talla. Da waɗannan ba za ki miƙa wa kowa kaya ba."

Washegari na je. Ta jawo wani kwali da ya fito daga tashar jirgin ruwa, ta zazzage shi a kan tebur. A ranar na fara ganin farcen roba. Jere suke a cikin 'yan fakiti, daga na babban yatsa har na ƙarami, ana manna su a kan na mutum. Launi ba shi ne ya ruɗe ni ba, fuskar abin ce. Akwai mai sheƙi, wanda in ka ɗaga shi za ka ga rufin kasuwa a cikinsa. Akwai marar sheƙi, mai laushi a ido kamar bayan tukunyar ƙasa. Akwai mai kama da cikin ƙwanson teku, in ka juya shi ya ba da ruwan hoda, in ka sake juyawa ya koma fari. Akwai mai farin baki, wanda ta ce matan ofis ke so, da wani mai barbashin ƙyalƙyali na masu zuwa gidan rawa. Ta ba ni fakiti ɗaya daga kowanne, ta ce in je gida in yi shawara, in zaɓi wanda zan iya zama da shi.

Shawara da wa? A cikin taksi na yi ta lissafa mutanen da da zan tambaya. Uwata da ta yi min tsaki, sannan ta zaɓa min. Babanku da ya yi dariya ya ce duk wanda ba zai faɗa masa cikin miya ba. Da la'asar na shimfiɗa tabarma na baza su, ina kallo kamar wadda aka ba jarrabawa. Ke Zainabu kika durƙusa kusa da ni, kika ɗauki mai kama da ƙwanson teku kina juya shi a rana.

"Mma, wannan. Kamar na amarya."

"Ni ba amarya ba ce," na ce miki.

Kika ajiye shi a hankali, kamar kin yi laifi. Na tattara fakitocin ina so in ce miki yana da kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. Na naɗe fakiti ɗaya a bakin zane na tafi wurin Gwaggo Hassi, tsohuwar da ke koya wa matan layinmu karatu. Ta sa tabarau ta ƙwanƙwasa robar da haƙori.

"Ruwa na ratsa shi?"

"Ba ya ratsawa, Gwaggo."

"To kin san amsar. Lalle rini ne, wannan kuwa murfi ne. In za ki yi alwala ki buɗe murfin. Neman abinci ba haram ba ne, 'yata, amma ki san cewa idon mutane ba ya karanta littafi."

Hanyar manna shi iri biyu ce. Akwai gam na ruwa, wanda in ya kama sai ya yi kwanaki, akwai kuma 'yar takarda mai danƙo ta fuska biyu, wadda ake ɓamɓarewa a duk lokacin da aka so. Na zaɓi takardar. A fuska kuma na zaɓi marar sheƙi, ja mai duhu da ya kusa komawa ƙasa-ƙasa, irin kalar da lalle ke bari in ya kwana biyu. Daga nesa ba za ka ce ba lalle ba ne. Ba don in yaudari kowa na zaɓe shi ba. Na gaji ne da zama abin kallo, ina son abin da zai rufe min rauni ba tare da ya kira ido ba.

Da Akossiwa ta taɓe baki da ta gani.

"Duk kwalin nan, sai wanda ya fi kowanne barci kika ɗauko? Wannan ba ya kiran mutum daga ƙofar kasuwa."

"Wanda zai zo zai zo," na ce.

Ta bar ni da shi. Haka na shiga wata irin rayuwa mai ƙofa biyu. Da safe in isa rumfa in manna su. Da azahar in ɓamɓare in zuba a gwangwanin tumatir, in yi alwala a bayan kwalaye, in yi salla, in mayar. Kafin in hau taksin komawa in cire su duka. A kasuwa ni ce "Awusa", wato Bahaushiya, wadda ba ta cin abin da suke ci, ba ta zuwa jana'izarsu ranar Asabar. A Zongo ni ce matar marigayi Idrisu da ke fita tun da safe ba a san inda take zuwa ba. Abincin rana a bayan kwalaye nake cinsa ni kaɗai, ina jin su suna hira da dariya. Matan Yamai kan tsaya mu yi Hausa har in manta kaina, sannan su ɗaure kayansu su tafi, in bi su da ido har su ɓace. Duk da haka tukunya na hawa wuta kullum, faratana na asali sun fara warkewa a ƙarƙashin robar, kai kuma Sani na samu ina kai ka wani asibitin masu fararen kaya, inda wata likita ta san jikinka har tana gane ciwon zai tashi tun daga kalar idonka.

Ku da kuka girma daga baya ba za ku gane yadda ƙasar take a lokacin ba. Jam'iyya ɗaya ce, kuma kowa ɗanta ne ko ya so ko bai so ba. In babban mutum zai dawo daga tafiya, sai a rufe kasuwa da lakwal, a jera mutane a hanyar filin jirgi da atamfa iri ɗaya, ana waƙa ana tafi. Ba a tambayar ra'ayinka, kuma ana lura da wanda bai zo ba. Kasuwarmu na kusa da filin jirgin, don haka mu ake fara kira. Wata safiya shugabar matan kasuwa ta zagayo layinmu, ta ce mu masu kayan kwalliya a sahun gaba za a sa mu, kuma kowace hannu sai da jan farce mai sheƙi, domin in rana ta buga shi na'urar ɗaukar hoto na sonsa. Ta ƙara da cewa da gam za a manna, kada tafi ya watsar da su a titi.

Da ta wuce na ja Da Akossiwa gefe.

"Dagan, babbar yaya, ki bar ni da nawa. Ai shi ma ja ne."

Matar da ba ta iya rage murya ba, ranar sai da na matsa kunne kafin in ji ta.

"Balaraba, a sahun da kowa ke walƙiya, wadda ba ta walƙiya ita ake gani. Gobe a tambaye ki dalili, jibi a tambaye ni wace ce na ajiye a rumfa. Kin san matar da ke sayar da turare a kusurwar can? Kin ƙara ganinta?"

Ban ƙara ganinta ba. Na miƙa hannu, ita da kanta ta ɗiga gam ɗin ta danna min su ɗaya bayan ɗaya. Dogaye ne, ja kamar barkono, ina ganin fuskata a cikinsu ƙarama a karkace.

Mun tsaya a rana tun hantsi. Ban yi rawa ba, 'ya'yana. Ban ma san waƙar ba, bakina kawai nake motsawa. Da motocin suka taho aka yi mana ihu mu ɗaga hannu, na ɗaga, na tafa kamar kowa. Na ga wani mutum da na'ura a kafaɗa ya tsaya a gabana, na ɗauka na bayana yake ɗauka. Ashe mayafina ne ya ja shi, ni kaɗai ce mai lulluɓi a sahun. Azahar ta wuce ni a titi. Ana sallamarmu na koma rumfa na dafa ruwa na tsoma yatsuna, gam ya ƙi saki. La'asar na neman fita. Na sa bakin cokali na ɓamɓare su da ƙarfi, suka taho da saman faratana da suka fara warkewa. Da jini na yi alwalar nan. Na naɗe yatsun da tsumma na hau taksi.

Ba mu da tele, wato talabijin, don haka ni ce ta ƙarshe da ta sani. A shagon mai shayi na bakin masallaci akwai ɗaya, maza kan taru bayan magariba su kalli labarai. An ce fuskata ta cika akwatin, hannuwana a sama suna walƙiya. Kuma ba sau ɗaya ba, sun mayar da hoton abin buɗe shirin, kullum sai an nuna. Da safe na je famfo na yi sallama, aka amsa min a taƙaice, aka matsa min wuri fiye da yadda bokitina ke buƙata. Wata da nake wanke wa kaya a da ta janye 'yarta daga kusa da ke, Zainabu. Kin dawo gida kina tambayata me ake nufi da 'yar rawa.

Alhaji Mamman, yayan babanku, yana fataucin shanu tsakanin ƙasar Sakkwato da Lome, kuma makon nan yana gari. Ba na so ku tsane shi. Shi ya je har inda aka binne ƙaninsa, shi ya kawo min hularsa. Ya zo da hantsi ya zauna a kan turmi, bai sha ruwan da na kawo ba.

"Maman Zainabu, na gani da idona."

"Yaya Alhaji, dole aka yi mana."

Na kwance tsumman na nuna masa. Yatsun sun kumbura, wasu na ruwa. Ya kalla, ya kawar da kai.

"Na yarda da ke," ya ce. "Wallahi na yarda. Amma wannan ni kaɗai na gani, wancan kuwa gari duka ya gani. Yarinyar nan jinin Idrisu ce, gobe za ta girma a unguwar nan da sunan da aka sa miki. Ki tattara ku duka mu tafi gida, akwai ɗaki, akwai hatsi. In ba za ki ba, zan tafi da ita."

Gidan da yake faɗa wani ƙauye ne da ban taɓa gani ba, kuma da bakinsa ya taɓa gaya min cewa daga can zuwa asibiti sai a yini a hanya. Lokacin damina ta kama, kai Sani kana kwance a ɗaki, gwiwoyinka sun kumbura, ko zane ya taɓa ka sai ka yi ƙara. Na je na tambayi likitar ko za ka iya tafiyar kwanaki a bayan kamyo. Ta dube ni kawai, ta ce in ina son ɗana kada in sake kawo wannan maganar. Na roƙi Alhaji ya ba ni shekara guda, ya ce motarsa ba ta jiran shekara. Na je wurin dattawan unguwa. Gwaggo Hassi ta raka ni da sandarta, ta faɗa musu a fili cewa a littafi 'ya mace na hannun uwarta har ta yi aure. Suka ce gaskiya ne, Gwaggo, amma a duba maslaha. Dukkansu sun kalli telen.

Ranar tafiya na yi miki kitso da kaina da yatsun nan masu ciwo, shi ya sa bai yi kyau ba. Na ɗaure miki kayanki a zanena mafi sabo. A tasha ba ki yi kuka ba, kin tsaya kina kallon tayar motar.

"Mma, ke ba za ki zo ba?"

"Zan zo. Sai Sani ya ji sauƙi."

Kika ɗago kika dube ni da idon babanki.

"Sani ba ya jin sauƙi."

Aka ɗaga ki aka sa a gaba kusa da Alhaji. Na tsaya har motar ta hau kwalta. Ba ki waiwayo ba, kuma ban ga laifinki ba.

Na koma kasuwa bayan yatsuna sun warke, domin magani ba ya sayen kansa. Na ci gaba da sa marar sheƙin har ƙarshen zamana a rumfar, mai sheƙi kuwa ko fakitinsa ba na son buɗewa, sai in miƙa wa mai saye ta buɗe da kanta. Shekara da shekaru ina auna tuwon mutum uku in tuna, in rage. Saƙonnin da nake ba direbobi su kai miki, daga baya na ji wasu sun isa wasu ba su isa ba. Da na samu zuwa, kin riga kin yi aure, kika durƙusa kika gaishe ni da Hausar can, yadda ake gaida baƙuwa mai daraja.

Za ku ce me ya hana ni faɗar wannan tun tuni. Sani, kai ne. Kana yaro mai yawan tunani, in ciwo ya kayar da kai sai ka riƙa ba ni haƙuri kamar da gangan ka yi. Da ka san cewa saboda jikinka na bar yayarka ta tafi, da ka ɗauki abin ka ɗora wa kanka, kuma ba ka da ƙarfin ɗaukarsa. Sai na bar mutane da labarinsu na jan farce, na ga ni zan fi iya zama da shi. Yanzu ga ka da furfura da 'ya'ya, likitocin da suka ce ba za ka kai ashirin ba ka halarci jana'izar wasunsu. Ba ka da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma da za a sake mayar da ni tashar nan, ba zan ɗora ka a motar ba.

Ke kuma Zainabu, ban san yadda aka yi da ke a daminar farko ba, ban san wa ya warware miki kitson nan ba, ban san wa kika kira da kika fara zama mace. Ba ki taɓa faɗa min ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya. Ba na neman ki ce min komai a kan wannan babin. In kin gama karantawa, ki kira ni kawai. Ki tambaye ni ko an yi ruwa a Lome, in ce miki an yi, mu ɗan daɗe a kan layi.